Launin da Fanta Take So

Mushe Bukar, Mushe kuwa laƙabin malaman boko ne, ya daɗe yana darektan lakwal, wato shugaban makaranta, kafin ya ajiye aiki, kuma har yau ko rago za a yanka a gidansa sai ya kafa komite. Gidan yana cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a wani lungu mai rairayi da mota ba ta shiga. Matarsa ɗaya ce, Fanta, Babarbariya kamarsa, sun tsufa tare ba wanda ya taɓa jin kansu. Shi ya sa ranar da aka ce Fanta ta yi yaji, mutanen unguwa suka ɗauka tsokana ce. Mace da jikoki, ga ciwon gwiwa, ina ita ina yaji?

Abin ya faro ne daga autarsu Hadiza, wadda take aikin jinya a Yamai. Ita ta ce hayaƙin itace ya isa haka, ta aiko da murhun gaz, ta ce a yaɓe madafa da siminti a shafa mata fenti. Aka yaɓe, saura fenti. Mushe Bukar bai ce wa kowa uffan ba, ya saɓa babbar riga ya nufi kasuwa, ya dawo da bokitin fenti ruwan toka, irin wanda yake sa a shafa wa bironsa, wato ofishinsa, a lakwal, don ba ya nuna datti.

Fanta ta buɗe bokitin ta leƙa, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, wannan na ina ne?"

"Na madafa."

"Madafar wa?"

"Madafar gidan nan mana."

Ta ce, "To."

Da ya san abin da ke cikin wannan "to" ɗin da bai koma kan tabarma ya kunna rediyo ba. Washegari da hantsi ta share tsakar gida, ta cika randa, ta ba kaji hatsi, sannan ta yafa mayafi ta hau mota sai Gidimuni, gidan yayanta Yakuba.

To, biko yana da ƙa'ida, kuma Mushe Bukar ba ya wasa da ƙa'ida. Miji ba ya kwasar ƙafa ya tafi da kansa tun farko, dattawa ake turawa da goro su gana da waliyyi. Ya tura abokan majalisarsa biyu, Malam Suma'ila mai jan su salla a lungu da Sani tsohon direba. Suka dawo da yamma, kowa da damin rake a kafaɗa, da jawabi guda daga bakin Yakuba.

Malam Suma'ila ya ce, "Ta ce ba ta da faɗa da kowa. A shafa wa madafa launin da take so, a ranar za ta dawo."

"Wane launi ke nan?"

Dattawan biyu suka dubi juna. Sani ya ce, "Haba Mushe. Mu je biko, mu tambayi matar mutum launin da take so, alhali mijinta yana raye? Ai mun ci fuskarka ke nan. Mun ce musu ka sani."

Mushe Bukar ya gyaɗa kai kamar wanda ya sani. Gaskiyar magana bai sani ba, ko kusa. Ya san sunayen kogunan Faransa, ya san ranar haihuwar ɗaliban da suka yi furfura yanzu, amma launin da matarsa take so bai taɓa ratsa masa kai ba. Ya ciro salula zai kira ta, Sani ya riƙe masa hannu.

"Kada ka kuskura. Ka tambaye ta, ka nuna ba ka sani ba. Tun tana budurwa kuke tare. Wannan tambayar ita za ta kashe auren."

Malam Suma'ila ya ce ƙwarai kuwa. Sai aka kafa komite.

Komiten ya zauna a gindin dogon yaro da ke ƙofar gidan. Aka gayyato masani, wato Tijjani, wani Bakano mai sayar da fenti a kasuwa, mutum mai fara'a da zaƙin baki. Dukansu huɗu ba wanda ya taɓa zama cikin madafa tun da aka yaye shi, amma wannan bai hana su magana da tabbaci ba.

Tijjani ya fara da ruwan hoda, ya ce mata suna sonsa. Sani ya daka masa harara, ya ce wannan launin jam'iyya ne, in aka shafa shi surukin Mushe zai daina gaida shi a masallaci. Aka koma ruwan ɗorawa, shi ma na wata jam'iyyar ne. Kore ma da masu shi. A Damagaram launi ba ya zama launi kawai, sai an tambayi na wane ne.

Mushe Bukar ya ce, "Madafa ce fa, a ƙuryar gida. Wa zai gani?"

Sani ya ce, "Mata za su gani. Abin da mata suka gani da hantsi, kafin azahar ya isa Tirmini."

Ja kuwa, in ji Malam Suma'ila, na kamfanin salula ne, sai an fara sallama ana neman katin waya. Fari na asibiti ne. Baƙi, ai daga can aka fito. Da aka gama tankaɗe da rairaya shuɗi kaɗai ya tsira. Tijjani ya yi murmushi ya ce ai shuɗi ba ɗaya ba ne, akwai na sama, akwai na baba, akwai na bula, akwai na rigar jandarma. Aka kaɗa ƙuri'a, na sama ya ci.

Aka kira Nomau mai fenti ya shafa. Mushe Bukar ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu a baya, yana duba aiki kamar yadda yake duba aji, bai taka ciki ba. Aka ɗauki hoto aka tura wa Yakuba ta salula. Amsa ta zo da muryar Yakuba, ana jin kukan tsuntsayen tafki a bayansa.

"Ta gani. Ta ce a gaida mai fenti."

Komite ya yini a kan wannan jawabi. Aka saurare shi har batir ya mutu. Daga ƙarshe Malam Suma'ila ya yanke cewa gaida mai fenti yana nufin hannu ya yi kyau, launi ne bai yi ba. Aka shafa ruwan madara a kan shuɗin, aka tura.

"Ta gani. Ta ce a riƙa rufe randa."

Sani ya buga cinya ya ce an zo wurin. Randa da me ake yin ta? Da yumɓu. Ke nan ruwan ƙasa take nunawa, sai dai kunya ta hana ta faɗa kai tsaye. Aka shafa ruwan ƙasa. Bangon ya fito sak yadda yake kafin a yaɓe shi, har Hadiza ta kira daga Yamai da ta ga hoton, ta ce, "Baba, siminti muka sa don a mai da shi laka?" Daga Gidimuni kuwa aka ce ta gani, ta ce ya jikin Malam.

Daga nan abin ya kwance. Aka bi shuɗi na baba, aka bi na bula, aka bi ruwan goro, aka bi ruwan makuba. Launukan jam'iyyu ma an shafa su ɗaya bayan ɗaya, amma a ɓoye, an rataya tabarma a ƙofa, Sani yana gadi a zaure. Nomau ya daina sanin ranaku da sunansu, sai ka ji ya ce ranar kore ce aka haifa masa ɗan akuya. Fenti ya hau kan fenti har ƙofar madafa ta daina rufuwa. Wata safiya Nomau ya fito ya ce tukunyar gaz ba ta shiga lungunta kuma, ɗakin ya motse. Ya ce in aka ci gaba a haka, ko Hajiya ta dawo sai dai ta yi girki a tsaye, a karkace. Tijjani kuwa kullum sai ya aiko wa Mushe da goro fari, yana kiransa babban amini.

Ana dariya a unguwa, Mushe Bukar ba ya dariya. Maƙwabciyarsu Kellu, aminiyar Fanta, ita take aiko masa da tuwo, kuma tuwon ba laifi, amma sai ya ci loma kaɗan ya ture. Gidan ya daina ƙanshin turaren wuta. Ba mai yi wa kaji faɗa, ba mai ce masa hularsa ta karkace in zai fita. Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, irin wadda bai san dattijo yana yi ba. Sai ga wani saƙon Yakuba, bayan an tura hoton shunayya.

"Ta gani. Ba ta ce komai ba, tana sauri. Na ba ta fili a garka bakin tafki, ta shuka albasa."

Komite ya fara gardama ko albasar ja ce ko fara, Mushe Bukar kuwa ya tashi ya bar su. Ya san wadda take shirin dawowa jibi ba ta shuka albasa. Fanta ta fara sabawa da zama ba shi.

Kellu ce ta tare shi a ƙofar gida da kwanon tuwo a hannu. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa.

"Mushe, kun tara gemu a gindin itace kuna neman launin mace a cikin randa. Ku buɗe akwatinta mana. Wanda ya fi yawa cikin zannuwanta, shi ne."

Mushe Bukar ya ji haushin bai riga ta tunanin ba. Tun da komite ba ya shiga ɗakin matar mutum, Kellu ce ta shiga ta kwaso zannuwan, ta shanya su a igiya daga wannan bango zuwa wancan. Tsakar gida ta koma kamar rumfar 'yan atamfa. Ya gyara tabarau ya fara bi ɗaya ɗaya.

"Ga kore nan da yawa."

"Ankon bikin 'yar Sani ne, uwar amarya ta zaɓa. Wancan ma anko ne, na sunan jikan liman."

"Wannan jan fa?"

"Anko."

"Mai ruwan goro?"

"Na ranar mata ne, duk garin irinsa muka ɗaura. Wannan leshin Hadiza ta aiko. Waɗancan tsofaffin na lefe ne, 'yan'uwanka suka zaɓa, Allah ya jiƙan na ƙasa."

A ƙarshen igiya akwai wasu zannuwa jere, masu duhu, ba wanda ya tsufa a cikinsu. Ya tambaya.

Kellu ta ce, "Naka ne. Na Salla da kake sayo mata. Ba sa nuna datti."

Ya tambayi kwanonin jere, ta ce mahaifiyar Fanta ta saya. Labulen ƙofa, na mahaifiyarsa ne, an gada. Shimfiɗar gado, tsarabar Makka ce.

"To wanda ta je ta zaɓa da kanta fa? Shi nake nema."

Kellu ta dube shi sama da ƙasa, wannan karon ba tsokana a fuskarta. Ta ce, "Yaushe?"

Ta kwashe zannuwan ta mayar, ta tafi. Mushe Bukar ya tsaya a tsakar gida shi da kaji. Can sai ya tuɓe takalmi, ya ture ƙofar da ba ta rufuwa, ya shiga madafa. 'Yar kujerar Fanta tana nan a gefe, duk ɗigon fenti. Ya tattare riga ya zauna a kai, gwiwoyinsa suna ƙara. Daga nan ba a ganin tsakar gida, ba a ganin sama, ba a ganin komai sai bango. Safe da rana da yamma, tun tana amarya, abin da take kallo ke nan. Sau ɗaya aka zo sauya shi a rayuwarta, shi kuma ya saɓa riga ya tafi kasuwa bai ko waiwaye ta ba. Kunya ta kama shi, da tausayi, har ya ji ba ya son kowa ya ga fuskarsa.

Bai sanar da komite ba. Da safe ya tattara murafen bokitan fenti da suka taru a bayan zaure, ya huda su, ya zura a igiya, ya rataya a kafaɗa ya nufi tasha. Duk ramin da mota ta faɗa sai murafen su ɗauki ƙara, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko maganin ƙarfe yake sayarwa.

Yakuba ya tarbe shi a zaure da ruwa da dabino. Da ya ji abin da ke tafe da shi sai ya gyara zama.

"Bukar, ai ba haka ake yi ba. Ka faɗa mini, in faɗa mata, ta faɗa mini, in faɗa maka."

"Yaya, da hakan muka motse madafa. Tambaya ɗaya zan yi mata, da bakina."

Yakuba ya daɗe yana kallon murafen. Daga baya ya nuna masa hanyar garka da haɓa.

Ya same ta a bakin tafki, ƙarƙashin dabinai, ta ɗaure ƙugu tana ba albasa ruwa. Ta yi haske, abin da ya ƙara tsorata shi ke nan. Ta gaishe shi kamar jiya suka rabu, ta ce hularsa ta karkace. Ya gyara. Ya kwance igiya ya jera murafen a kan rairayi, sannan ya tsuguna, shi da rabonsa da tsugunawa gaban wani tun yana ɗan lakwal.

Ya ce, "Fanta, ban sani ba. Na nema ban samu ba. Wane launi kike so?"

Ta ajiye gwangwanin ban ruwa. Ta dubi murafen ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe, har ya fara tunanin Sani ya yi gaskiya, auren ya mutu. Sai ya ga idonta ya cika.

"Malam, ni ma ban sani ba."

Ta ci gaba da magana.

"Ranar da ka kawo bokitin nan na ce a raina ba wannan nake so ba. Sai na ce to wanne? Na rasa. Na kwana ina nema na rasa. Mace da jikoki, a ce ba ta san wannan ba. Abin da ya kore ni ke nan, ba tokarka ba. Duk hoton da kuka aiko sai na ƙura masa ido ko zan ji wani abu, sai in ga ai wannan ma wasu ne suka zauna suka zaɓa."

"To yanzu yaya za a yi?"

Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Yanzu an tambaye ni. Sai in yi tunani."

Ta bar wa matar Yakuba albasar, suka hau motar yamma tare, murafen suna kan cinyarta.

Nomau ya sha wuya kafin ya kankare bangon, fenti yana faɗowa ɓawo ɓawo kamar na rogo, har madafa ta koma girmanta, ƙofa ta rufu. Aka bar siminti tsirara. Fanta ta rataye murafen a ƙusa kusa da murhu. Kowace safiya Mushe Bukar yakan tuɓe takalmi ya shiga, ya kife turmi ya zauna, ya ce, "Yau fa, wane launi kike so?" Ita kuma ta ciro murfi ɗaya ta kara a bango, ta karkata kai, ta mayar ta ciro wani, sannan ta ce tana tunani. Daga nan sai hira ta ɓarke, ta Gidimuni, ta yara, ta mutanen da suka rasu, har shayinsa ya huce.

Komite ya nemi sakamako, Mushe ya ce ana kan bincike. Tijjani ya daina aiko da goro. Damina ta zo ta wuce, Hadiza ta gaji da tambaya, bango yana nan ba fenti.

Wata Alhamis Fanta ta tafi kasuwa ita kaɗai, ba biki ba suna, ta dawo da ɗankwali ruwan ɗorawa, launin nan da komite ya ce na jam'iyya ne. Ba ta nuna wa kowa ba, ta ɗaura abinta da safe ta shiga madafa. Mushe Bukar ya shigo ya gani. Ya dubi murafen da ke ƙusa, sai ya lura na ruwan ɗorawa ya fi sauran sheƙi, yatsa ya goge shi don yawan taɓawa. Ashe ta daɗe da sani. Ya buɗe baki zai ce a kira Nomau, sai ya tuna cewa ranar da aka shafa fentin, ba sauran abin da zai shigo tambaya. Ita ma ta san haka, shi ya sa take ta tunani.

Ya kife turmi ya zauna.

"Yau fa, wane launi kike so?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalin, ba ta ko dubi murafen ba.

"Ina tunani, Malam. Miƙo mini gishiri."